Fanko ko wofi? Ku taya ni raɗa wa wannan abu suna

Jama'a, mako biyu ke nan ina neman kalmar da zan kira bakiyum (wurin da aka kwashe iska da komai daga cikinsa) na ilimin kwantam (fiziks ɗin ƙananan ƙwayoyin abu) da ita, don ƙannena da nake yi wa bitar fiziks a Ƙofar Mata.

Da "wofi" na fara. Da na kai wa tsohon malamina, sai ya ce, "Ɗana, wofi ai zagi ne a bakin Bakano, kuma wurin nan ba banza ba ne." Gaskiyarsa. Ko ka zuƙe iskar wuri kaf, ka kai shi gab da ƙarshen sanyi, digiri 273 ƙasa da sifili a ma'aunin Selshiyos, akwai ragowar motsin da ba ya gushewa. Shi ne ke hana hiliyam, iskar nan marar nauyi da ake hura balan-balan da ita, daskarewa komai sanyi, sai an haɗa masa da matsi.

"Sarari" kuwa samaniya ta riga ta mallake shi.

Na tsaya a kan "fanko", kamar fankon ashana. Fanko yana da bango, kuma a bangon maganar take. A 1948 Hendrik Kasimir, ɗan ƙasar Holan da ke aiki a kamfanin Philips, ya lissafo cewa faranti biyu na ƙarfe marasa cajin lantarki, idan aka kusanta su a cikin fanko, za su matso juna. Ku dubi tsirkiyar gurmi, an ɗaure ta kai da gindi, wasu sautuka kaɗai take iya bayarwa. Haka tsakanin farantan, wasu igiyoyin motsin ne kawai ke samun wuri, a waje kuwa duk suna nan, sai na waje ya rinjayi na ciki. Ka rage tazarar da rabi, ƙarfin ya ninka sau 16. A tazarar nanomita 10 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita) ya kai kusan matsin iskar da ke kanmu. An auna shi da kyau a Amurka a 1997.

Saboda haka motsin na kira shi "tsumar fanko", ƙarfin kuma "matsin fanko".

Saura yanayin da abu ke zama a mafi ƙarancin kuzarinsa bai tashi ba. Yayata ta ce "natsuwa", amma a kunnena wannan ta zuciya ce. Na fi son "lafawa", yadda ruwan baba ke lafawa a karofi in marini ya cire muciya. Fanko ya lafa iya lafawa, babu gangare ƙasa da shi, don haka ba injin da zai yi ta zuƙo lantarki kyauta daga cikinsa.

Malaman Hausa na Jami'ar Bayero, Allah ya ƙara sani, "tsuma" ta zauna muku, ko "ɓari" ya fi?