Shafin ƙyallin tukwanen Abuja ya ƙi fitowa

Salamu alaikum, 'yan'uwa maginan tukwane. Wata biyar ke nan ina fama da abu ɗaya. Ina son in dawo da shafin ƙyallin nan mai duhun ruwan ƙasa, wato abin da ake shafa wa tukunya ya narke a wuta ya zama kamar gilashi, da ake gani jikin tukwanen cibiyar da Michael Cardew, Baturen Ingila maginin tukwane, ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, cibiyar da shahararriyar maginiya Ladi Kwali ta shiga a 1954. Wata tsohuwar butar kakata mai irin wannan shafi ce ta sa ni wannan hauka.

Ina haɗa tokar itace da na wanke sau uku, da garin dutse, da farin yumɓu, da ɗan jan ƙasa saboda ƙarfen da ke cikinta. Wutar tanderuna tana kaiwa digiri 1280 a ma'aunin Celsius. Amma kullum shafin sai ya narke ya zubo har gindi, tukunya ta manne a inda aka ɗora ta cikin tanderu. Da na ƙara yumɓu, sai ƙyallin ya mutu, ya fito dishi-dishi da ƙananan ramuka.

Shin tokar ce ta yi yawa, ko tokar buntun shinkafa zan ƙara? Duk wanda ya koya wurin tsofaffin Suleja, don Allah ya taimaka min da ma'auni.