Wai narkewar ƙanƙara a can ƙarshen duniya za ta iya cinye fili a Legas?

Baban Sadiƙ (Mile 12) ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema wajen masu ilimin abin. Albasa nake sayarwa a kasuwar Mile 12, na daɗe a Legas, yarana duk a nan aka haife su. Haya ta ishe ni, na ɗan tara abin da Allah ya hore, sai wani dillali ya kai ni wani fili can gaba da Ajah, ta ɓangaren teku. Wuri shimfiɗaɗɗe, yashi fari tas, kana tsaye kana jin rugugin igiyar ruwa. Kuɗinsa kuma da sauƙi in ka gwada da na bakin titi. Har mun fara maganar kafin alƙalami.

Da na koma gida sai babban ɗana ya ce, Baba don Allah ka dakata. Wai an koya musu a makaranta ƙanƙarar da ke ƙarshen duniya tana narkewa, teku yana ƙaruwa, irin waɗannan wurare ruwa zai shafe su. Maganar ta tsaya mini a rai. Yaya ƙanƙarar da ke can wata uwa duniya za ta shafi filina a Legas? In gaskiya ne, yaushe? Gidan nan don yaran nake son gina shi, ba na so in bar musu abin da zai zame musu asara.

Abu Hanifa Zariya ya rubuta:

Wa alaikumussalam Alhaji. Ni dai ban gamsu da wannan magana ba. Ka cika kofi da ruwa da ƙanƙara har baki, ka ajiye, ta narke duka, ko ɗigo ba zai zuba ba. To me zai sa teku ya bambanta? Ambaliyar da muke gani a ƙasar nan ta ruwan sama ce da madatsun ruwa. Ta 2022 kowa ya ji maganar madatsar Lagdo, ta Maiduguri a 2024 kuma madatsar Alau ce ta ɓalle. In takardun filin suna da kyau ka saya abinka.

Malam Mai Taswira ya rubuta:

Alhaji, Allah ya yi wa yaron nan albarka, ya ji karatu. Labarin ƙasa nake koyarwa a sakandare, kuma wannan batu yana cikin abubuwan da suka fi damuna, don haka ka yi haƙuri da tsawon amsata.

Malam Abu Hanifa, gwajin kofin nan naka daidai ne, amma ga ƙanƙarar da take yawo a kan ruwa kaɗai, irin wadda ta rufe tekun Arewacin duniya. Ita dama nauyinta yana cikin ruwan. Wadda ake jin tsoro tana zaune ne a kan tudu: ta tsibirin Girinlan, mai kaurin da ya kai kilomita 3 a tsakiya, da ta nahiyar Antatika a kudu, wadda a wasu wurare ta haura kilomita 4. Wannan ba ta cikin kofin tukuna. Duk abin da ya narke ko ya ɓalle ya gangaro, ƙari ne. Da ta Girinlan za ta narke ƙurmus, teku zai tashi kamar mita 7. Ta Antatika kuwa wajen mita 58. Kada hankalinka ya tashi da waɗannan alƙaluma, abu ne na ɗaruruwa zuwa dubban shekaru. Amma an fara. Taurarin ɗan'adam da ake kira GRACE suna auna nauyin ƙanƙarar tun 2002, kuma sun nuna Girinlan tana asarar kimanin tan biliyan 270 a shekara, Antatika kuma kimanin biliyan 150. A watan Agusta na 2021 ruwan sama aka yi a ƙololuwar ƙanƙarar Girinlan, inda tun da aka fara ajiye bayanai ba a taɓa ganin haka ba.

Ita ma mai yawo a kan ruwan tana da nata aikin. A gefen Antatika akwai faifan ƙanƙara masu faɗi da suka tokare ta kan tudu, suka hana ta saurin gangarowa. A 2002 ɗaya daga ciki, Larsen B, ya wargaje cikin 'yan makonni, nan da nan ƙanƙarar da ke bayansa ta ƙara gudu zuwa teku. Shi ya sa masana suka zuba ido a kan wata katafariyar ƙanƙara mai suna Thwaites a yammacin Antatika, wadda ita kaɗai tana ɗauke da ruwan da zai ɗaga teku kamar santimita 65. Sannan akwai abin da mutane ke mantawa: ruwa in ya ɗumama kumbura yake yi. Wajen rabin ƙaruwar da aka gani daga 1971 zuwa 2018 daga wannan kumburin ta fito.

Kan tambayarka ta yaushe: kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC, ya ce daga 1901 zuwa 2018 teku ya tashi kimanin santimita 20. Kusan tsawon taƙi ɗaya ke nan. Abin da ya fi tayar mini da hankali saurin ne. Kafin 1971 milimita 1.3 yake ƙaruwa a shekara, tsakanin 2006 da 2018 ya koma 3.7. Zuwa 2100, in duniya ta rage hayaƙin da ke ɗumama ta sosai, ƙarin zai tsaya tsakanin santimita 28 zuwa 55. In aka ci gaba da ƙona mai da gawayi ba ƙaƙƙautawa, zai iya kaiwa mita ɗaya. Tekunan duniya kuwa a haɗe suke, ruwan da ya zubo daga Girinlan ba ya tsayawa a can.

Mutum zai ce taƙi ɗaya ai ba komai ba ne. A Kano, wadda ke kusan mita 500 sama da teku, haka ne. A yankin Lekki da Ajah kuwa, ƙasar siririn yashi ce tsakanin teku da tafki, wurare da yawa tsayinsu bai wuce 'yan mitoci ƙalilan ba. Teku ba ya shigowa a hankali kamar mai sallama. Ranar da cikarsa ta haɗu da guguwa da ruwan sama mai ƙarfi, wannan ɗan ƙarin shi ke sa igiyar da a da take tsayawa a bakin gaɓa ta tsallako cikin unguwa. Magudanan ruwa kuma su kasa zubarwa, don inda za su zuba ya cika. A Agustan 2012 irin wannan tumbatsa ta afka wa gaɓar Kuramo a Legas cikin dare, aka rasa rayuka.

Kuma kada mu ɗora wa ƙanƙara laifin komai. Tun farkon ƙarni na 20 Turawa suka jera duwatsu a mashigar tashar jiragen ruwan Legas, suka tare yashin da igiya ke kawowa daga yamma. Tun daga nan gaɓar Bar Beach, da ke gabas da mashigar, ta fara zaizayewa, har ruwa ya riƙa hawa titin Ahmadu Bello. Yanzu an cike wurin an yi sabuwar unguwar Eko Atlantic da katangar duwatsu, amma mazauna ƙauyukan gabas, irin su Okun Alfa, sun daɗe suna kukan teku yana cin gidajensu. Ga masu haƙar yashi, ga rijiyoyin burtsatse da ke zuƙe ruwan ƙasa har ƙasar ta riƙa lotsawa. Jakarta ta Indonesiya wannan lotsawar ce ta fi cutar da ita, tana kuma cikin dalilan da suka sa gwamnatinsu ta yanke shawarar gina sabon babban birni. Ra'ayina, Alhaji, filin da kake jin rugugin teku daga cikinsa ba wurin da za a bar wa 'ya'ya gado ba ne.

Hajiya Maman Zongo (Akra) ta rubuta:

Salamu alaikum. Ni ba ni da boko mai zurfi, amma ina bin hanyar Aflao saro kaya, kuma na ga garin Keta da ke bakin tekun Ghana da idona. Akwai tsohon ginin Turawan Denmak a bakin ruwa, tun 1784, teku ya cinye ɓangare guda ya bar sauran a tsaye. Tsofaffin garin za su nuna maka cikin ruwa su ce nan shagunan iyayenmu suke, nan titi ya bi. Gwamnati ta zuba duwatsu ta kare wani sashe, amma a Nuwamban 2021 ruwa ya sake shigowa ƙauyukan yankin cikin dare, dubban mutane suka rasa matsuguni. Na ga mata suna shanya katifu a kan titi, kifin da suka ƙyafe na sayarwa duk ya jiƙe ya lalace. Ƙauyen Fuveme kuwa kusan babu shi yanzu. Su mutanen wurin suna cewa tun da aka gina madatsar Akosombo yashin kogin Volta ya daina isowa gaɓa kamar da. Alhaji, arhar nan da aka yi maka, ka tambayi kanka dalilinta.

Baban Sadiƙ (Mile 12) ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, dillalin ya ce in na cike filin da yashi na ɗaga fandisho shi ke nan, haka manya suke yi a Lekki. Wannan fa?

Injiniya Ɗan Agege ya rubuta:

Alhaji bari in amsa wannan, don aikina ke nan. Za ka iya ɗaga gidanka, amma ba za ka ɗaga titin unguwa da magudanar ruwa ba. Na ga gidaje masu kyau da mai su sai ya ajiye mota nesa ya naɗe wando kafin ya isa ƙofa. Kuɗin ciko da fandisho mai zurfi a irin wannan yashi sau da yawa yakan cinye duk rangwamen da ka samu a filin, har ya ɗora. Iskar gishiri kuma tana cin rodi da kwano, in ka haƙa rijiya ruwan zartsi za ka tarar, sai ka koma sayen na tanka.

In har ranka yana wurin, kada ka biya ko sisi yanzu. Ka koma a watan Yuni ko Yuli, washegarin ruwa mai ƙarfi, ba tare da dillali ba. Ka dubi katangun maƙwabta, ruwa yakan bar zane a inda ya tsaya. Ka ɗanɗani ruwan rijiyarsu. Ka nemi tsofaffin masunta ka tambaye su inda bakin teku yake lokacin da suke samari, za su nuna maka da hannu. Ka ɗauki safiyo naka na kanka ya auna tsayin filin da nisansa daga ruwa, ya kuma bincika ko ya faɗa cikin tazarar da gwamnati ta hana gini a bakin teku, don irin waɗannan gidaje ake rushewa. Sannan ka leƙa tudun Ikorodu ko ɓangaren Agege ka ji farashi. Ikorodu ma ta fi maka kusa da kasuwa, amma can ɗin ma ka guji gangaren kogin Ogun wajen Owode da Ajegunle, inda ruwa ke hawa duk lokacin da aka saki madatsar Oyan.