Allona ya ƙi fitar da zanen Gray-Scott, ku ba ni shawara

Ɗaliba daga Birni: Salamu alaikum ƴan zaure. Ina rubuta memwar, wato kundin kammala karatu, a kan lissafin sinadaran da ke haɗuwa suna kuma yaɗuwa. Na zaɓi tsarin Gray-Scott, mai sinadarai biyu, U da V, inda U ɗaya da V biyu ke zama V uku, wato V na haifar kansa. Na rubuta shi da Python, amma kwana uku ke nan allon fari fat, babu tabo ko ɗaya. Ina matsalar take? Kuma me zan fara karantawa?

Malamin lissafi mai ritaya: Wa alaikumus salam ɗiyata. Me kika zuba a farkon lissafin? In kin sa U ya zama 1 ko'ina, V kuma 0, to ko shekara za ki yi haka zai zauna. Kin taɓa ganin madara ta zama kindirmo da wuri ba a ɗiga mata tsohon nono ba? V sai ya tarar da ɗan'uwansa yake ƙaruwa. Ki yanki ɗan murabba'i a tsakiyar filin, ki sa U rabi, V kwata, ki yayyafa ƴar hargitsi kaɗan a kan lambobin. Haka John Pearson ya yi a aikinsa na 1993, kuma shi nake so ki fara karantawa, gajere ne.

Ɗaliba daga Birni: Wallahi Baba V sifili na bari. Na gyara yanzu, sai ga lambobin sun haukace, NaN (alamar cewa sakamakon ba lamba ba ne) ta cika allo.

Mai gyaran kwamfuta a Zengou: Ƙanwata takunki na lokaci ya yi faɗi. Da hanyar Euler mai sauƙi, kada dt (takun lokaci) ya wuce dx² a raba da 4D, inda dx ke nufin tazarar ɗigogin filin, D kuma saurin yaɗuwa. Gwada waɗannan, na sha gwada su: yaɗuwar U 0.16, ta V 0.08, F (saurin zuba U) 0.035, k (ƙarin saurin cire V) 0.065, dx da dt duka 1. Fili 200 sau 200 ya isa, da NumPy ko tsohuwar kwamfuta za ta ja. Ki riƙa adana hoto duk bayan taku 500 saboda ɗaukewar wuta. Za ki ga tabo ya miƙe, ya tsuke a tsakiya, ya rabu biyu. Ranar da na fara gani sai da na kira yaran shago.

Malamar kimiyyar sinadarai: Duk da haka kada memwar ta zama hotuna kawai. Ki kula da lambobin da mai gyaran kwamfuta ya ba ki: V na yaɗuwa da rabin saurin U. Nan zancen yake. Alan Turing ya nuna a 1952 cewa yaɗuwa, wadda muka sani da daidaita abu, tana iya fitar da zane in ɗaya sinadarin ya fi ɗaya sauri. Sai a 1990 aka gan shi ido da ido a Bordo ta Faransa, cikin haɗin sinadarai mai aidin da ake kira CIMA, kuma sitacin da aka sa don a ga launi shi ne ya riƙe aidin ya rage masa sauri. Ni da zan duba aikinki, wannan zan tambaye ki.

Malamin lissafi mai ritaya: Gaskiya ne Malama. Ki kuma yi lissafin kwanciyar tsarin da alƙalami kafin kwamfuta.

Injiniyan gandun daji: In ƙara ɗaya, don abin yana cikin raina ƙwarai. Ba sai kin je Turai neman misali ba. Buɗe hoton tauraron ɗan adam na tuddan da ke kewayen Yamai, za ki ga dajin nan mai layi-layi da ake kira brousse tigrée: jerin itatuwa, sai faƙo, sai wani jerin. Ruwan sama na gangarowa daga faƙon, ya nutse inda saiwoyi suke, ciyayi su ƙaru inda dama akwai su. Tsarin Klausmeier na 1999 kusan Gray-Scott ne, ruwa a gurbin U, tsiro a gurbin V, sai dai ruwan na bin gangare. Babi ɗaya a kan wannan zai sa masu aikin farfaɗo da ƙasa su karanta ki.

Ɗaliba daga Birni: Alhamdulillahi, tabo huɗu sun fito, biyu har sun fara rabuwa! Allah ya saka da alheri. Yaya injiniya, ina zan sa gangaren a cikin lissafin ruwan?

Injiniyan gandun daji: Bayan la'asar in sha Allah zan rubuta miki shi a takarda in turo hoto.