Wata uku muna kira kan tsofaffin batura, ta yaya za mu san an ji mu?

Sakataren Matasa: Assalamu alaikum. Ƙungiyar unguwarmu a Kano ta yi wata uku tana kira a daina zubar da mataccen batir a bola. Mun biya sanarwa a rediyo, liman ya yi magana ranar Juma'a, mun ajiye duro biyu a bakin masallaci. Rabin buhun ƙananan batura muka samu, babba ko ɗaya babu. Asabar za mu zauna: mu sake biyan rediyo ko mu riƙa sayen baturan da kuɗin? Da me ake auna irin wannan aiki?

Mai Gyaran Sola: Malam, wa zai jefa kuɗinsa a duro? Babban batir dalma ce a ciki. Na sayar da na sola dubu 35 a watan jiya.

Ɗan Gwangwan: Oga an kwashe ka. A sikeli muke saye, irinsa ya haura dubu 50.

Maman Biyu: Ku kuna ta farashi. Maƙwabcinmu a bayan katangarmu yake fasa su da gatari, ya tsiyaye ruwan batir a kwata, da dare ya narka dalmar. Ƙaramin ɗana ya daina cin abinci, kullum ciwon ciki, ga yawan kuka. Sai da muka zaga asibiti uku kafin wani likita ya ce a gwada jininsa, aka ga gubar dalma. Na kai ƙara, aka ce sana'arsa ce, in yi haƙuri. Mu muka tashi daga gidan. Har yau yaron yana baya a karatu.

Baban Yara: Subhanallah. Allah Ya ba shi lafiya, 'yar'uwa. Gubar nan ce ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010.

Mai Gyaran Sola: Wancan haƙar zinariya ne, ba batir ba.

Maman Biyu: Jinin yaro ba ya tambayar daga ina dalmar ta fito.

Ɗalibi a Jamus: Sakatare, a Turai nauyin abin da aka tattara ake gwadawa da wanda aka sayar. Suna neman kashi 63 cikin ɗari na ƙananan batura kafin ƙarshen 2027. Ku tambayi shagunan unguwa kwali nawa suke sayarwa a wata, ku kuma tambayi duk wanda ya kawo a ina ya ji. Ƙananan su ne ma'auninku, tunda ba mai sayensu.

Ɗan Gwangwan: Wanda ke Jamus ne zai koya mana bolar Kano?

Ɗalibi a Jamus: Yaya, a Fagge aka haife ni.

Na Bakin Kasuwa: Kakata ba za ta kawo ba. Nata yana rana yana shanya, ta ce bai mutu ba, suma ya yi.

Baban Yara: Ni abin da ke ci mini rai, baturan da ake sayar mana yanzu. An rubuta 200 a jiki a matsayin yawan cajin da zai riƙe, wata bakwai ya daina riƙe ko fanka.

Mai Gyaran Sola: Tsoho ne ake wankewa a sake masa takarda. Ka ɗora a sikeli kafin ka biya, marar nauyi an rage masa dalma.

Sakataren Matasa: To, maganar rediyon fa?

Baban Yara: Mai Sola, kilo nawa ya kamata na ƙwarai ya kai?