Oscar biyu a akwatin lita 60, wane girma zan koma?

Sabon shiga: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata uku ke nan da na sayo 'ya'yan kifin ado da ake kira oscar guda biyu, lokacin kowanne bai wuce tsawon ɗan yatsa ba. Akwatin gilas ɗina lita 60 ne. Yanzu sun kusa kai tafin hannuna, babban sai ya yi ta korar ƙaramin har ya maƙale a bayan filta, wato matatar ruwa, ruwan kuma kwana uku ya gurɓace. Mai gilas ya ce zai haɗa min na lita 150. Ya isa, ko in ƙara?

Mai kifi daga Kano: Wa'alaikumus salam ƙanena. Kada ka yi na 150, kuɗi biyu za ka kashe. Oscar a shekararsa ta farko yana ƙara kusan santimita 2 zuwa 3 duk wata, kuma yana kai 30, wani ma ya ɗan wuce. Guda ɗaya kaɗai yana buƙatar lita 280 zuwa 300. Tun da biyu gare ka, ka nufi 450. Ka ce wa mai gilas tsawo santimita 150, faɗi 50, tsayi 60. Ka ninka ukun ka raba da 1000, lita 450 ke nan.

Hajiya mai lambu: Ni dai Malam ina ganin a bi a hankali. Kifi ƙarami a babban akwati wahalar samun abinci yake yi, ƙwayar abincin ta nutse a can lungu ta ruɓe. Ba gara ya riƙa sauyawa daki-daki ba?

Mai kifi daga Kano: Gaskiyarki Hajiya, amma wannan ga 'yan jarirai ne da ba su wuce ƙwayar shinkafa ba. Nasa sun wuce nan, su ke bin abinci da kansu. In ma ana jin tsoro, sai a sa raga a raba akwatin biyu, a cire ta bayan wata biyu. Ragar za ta kuma ba ƙaramin damar hutawa.

Tsohon hannu: Bari in tsaya a kan maganar faɗi, don nan mutane ke faɗuwa. Na taɓa sa aka haɗa min dogon akwati siriri, faɗinsa santimita 30, saboda ya shiga kan kantar falo. Na zuba ɗan arowana, wani dogon kifin ado, a ciki. Kafin shekara ya kasa juyawa sai ya lanƙwashe jiki kamar lauje, leɓensa na ƙasa duk ya ƙuje da gilas. Wata safiya na tarar da shi a ƙasa ya bushe, ya ture murfin da daddare. Har yau abin yana min ciwo, don laifina ne. Tun daga nan ba na auna akwati da kifin da ke hannuna, sai da girman da zai kai. Faɗin ya fi tsawon kifin, tsawon akwatin kuma ya ninka tsawon kifin aƙalla sau huɗu. Murfi kuwa mai nauyi.

Sabon shiga: Allah sarki, sannu Baba. Amma wanda ya sayar min ya ce kifi daidai akwatinsa yake girma.

Tsohon hannu: A'a ɗana. Tsumburewa yake yi saboda kashinsa da ya taru a ruwa, ba lafiya ba ce. Irin wannan kifin ba ya daɗewa, alhali oscar mai samun kulawa yana haura shekara 10.

Mai tarwaɗa: Ga wata hanyar in aljihu bai kai ba. Tankin roba mai lita 1000 ɗin nan da ke cikin kejin ƙarfe, a yanke samansa, a wanke shi tas. Sai dai ka tabbatar ba sinadari aka taɓa zubawa a ciki ba. Ta sama kawai za ka riƙa ganin kifin, amma zai sake. Kuma don Allah kada kowa ya haɗa tarwaɗa da kifin ado, duk abin da ya shiga bakinta ta haɗiye, ko 'yar'uwarta ce.

Hajiya mai lambu: To na yarda. Sai dai ka duba inda za ka aza shi. Kowace lita kilo ɗaya ce, ga gilas ga yashi, ka wuce rabin tan. Teburin katako ba zai ɗauka ba, a yi maka na ƙarfe a daidaita ƙafafunsa. Gilashin ya zama mai kaurin milimita 12, da ɗauri a sama.

Mai kifi daga Kano: Ka tanadi injin iska mai batir saboda ɗauke wuta, da hita kafin hunturu, oscar ba ya son ruwa ya sauka ƙasa da digiri 24. Kafin sabon ya iso, ka riƙa canza kashi ɗaya cikin uku na ruwan duk bayan kwana biyu, ka rage abinci. In ruwan famfo ne ka sa maganin da ke cire kulorin. Soson tsohuwar filtarka kuma kada ka jefar, shi za ka sa a filtar sabon akwatin ka fara da shi.

Sabon shiga: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Gobe zan koma wurin mai gilas da awon 150, 50, 60. Yanzu bari in je in rage musu ruwan.