Wanda aka damƙa wa aiki karon farko, daga ina zai fara?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Sabon shiga harkar tafiyar da aiki yakan fara da buɗe manhaja ya zana jadawali, kafin wata guda jadawalin ya wargaje. Ku da kuka daɗe a ciki, me ya kamata ya riga jadawali?

Injiniya: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Takardar iyakar aiki. Shafi ɗaya ya isa: me za a miƙa a ƙarshe, wa zai sa hannu ya karɓa, me kuma ba ya cikin aikin. Na ukun nan ake tsallakewa, shi ya sa "ɗan ƙara mana wannan" ke cinye makonni. Daga nan sai a yanyanka aikin gunduwa-gunduwa. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada gunduwa ta gaza awa 8, kada ta haura awa 80. In ta haura, ba za ka gane ta maƙale ba sai lokaci ya ƙure. Kowace gunduwa a rubuta sunan mutum ɗaya a gabanta. Biyu aka rubuta, kowa zai jira ɗan'uwansa.

Malama mai lissafi: Na ɗora a kan maganar Injiniya. Kada ka yanke wa gunduwa kwanaki kana zaune a ofis, tambayi wanda zai yi ta da hannunsa. Kuma lamba uku za ka nema: in komai ya tafi daidai, yadda aka saba, da in abu ya ɓaci. A ce ya ba ka kwana 4, 6 da 14. Ninka ta tsakiya sau huɗu, haɗa da sauran biyun, raba da shida, ka samu kwana 7. Wannan tsarin PERT ne, wanda rundunar sojan ruwan Amurka ta fito da shi a 1958 don aikin makamin Polaris. Lamba ɗaya ka nema, to ta farkon za a ba ka.

Mai kula da jadawali: Malama, da ɗan gyara. Kwana 7 ɗin ma zai ba da kunya in an ɗauka ma'aikaci na yin awa 8 cur a rana kan aikin. Taro da saƙonni na cin rabonsu, a lissafa awa 6.

Abin da ya fi wahalar da sababbi dai shi ne gane wane aiki ke jiran wane. A ce akwai ayyuka huɗu, A, B, C da D. Aiki A na cin kwana 3. Bayansa B, kwana 5, da C, kwana 2, suna tafiya tare. D kwana 4 ne, kuma ba ya farawa sai an gama su duka biyu. Doguwar hanya ita ce A, B, D, kwana 12. C na da sararin kwana 3, ko ya makara da kwana 3 ɗin ba komai. B ya zame da kwana ɗaya, ranar miƙa aiki ta zame. Jadawalin Gantt, wato mai nuna kowane aiki da zanen sanda a kan kwanaki, in ba a ɗaure ayyukansa da juna ba, ado ne kawai, sai ka ga ana ta matsa wa mai C lamba.

Mai tambaya: To in an riga an makara, a ƙaro mutane?

Injiniya: A yi hattara. Tsakanin mutum 5 hanyoyin magana 10 ne, tsakanin mutum 10 kuwa 45. Ga shi tsofaffin hannu ne za su ajiye nasu su koya wa sababbi.

Malama mai lissafi: Kafin nan ma, auna makarar da kyau. Kada ka karɓi "an yi kashi 90", gunduwa ko an gama ko ba a gama ba. In ka kashe kashi 50 na kasafi amma aikin da aka kammala kashi 40 ne, raba 40 da 50, ka samu 0.8. A wannan tafiyar, aikin zai ci kashi 125 na kasafinsa. Wannan lambar za ka kai wa mai aikin a makon da ka gan ta, tare da zaɓi uku: a rage aiki, a ƙara lokaci, ko a ƙara kuɗi.