Wai sunan 'yar ƙanwata Winter

Kawun Jaririya: Jama'a ku taya ni ji. Ƙanwata da ke aure a Manchesta ta haihu ranar 22 ga Disamba, an samu mace. Aka mayar da sunan Hajiyarmu, A'isha, mu a nan Kano muka yanka rago muka raba goro. Jiya sai ga hoto, an sa wa yarinya hular ulu an rubuta Winter a goshi, wai da shi za a riƙa kiranta tunda cikin sanyi ta zo. Winter fa, wato Hunturu! Hajiya ta wuni tana "Winta, Winta" kamar sunan maganin sauro. Bahaushe ba ya sa wa ɗa sunan yanayi, wannan kwaikwayon Turawa ne tsantsa.

Maman Biyu: Allah ya raya takwarar Hajiya. Amma Yaya, ina ka baro Anaruwa da Marka da Damina? Kakata Tasalla ake ce mata don ranar Ƙaramar Sallah aka haife ta, ƙaninta kuma Ɗan'azumi. Kuma ai ƙanwarka ba za ta iya kama sunan mahaifiyarku gatsau ba, dole a nemo laƙabi.

Kawun Jaririya: To a ce Ummi mana, ko Humaira. Sun ƙare ne?

Malamin Hausa: Ku dakata, akwai gyara. Winter ba hunturu ba ne. Hunturu busasshiyar iska ce da ke kaɗowa daga Sahara daga ƙarshen Nuwamba zuwa wajen Maris, ƙurarta mai yawa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa. Leɓe ya tsage, ƙafa ta yi kaushi, hazo ya hana jirgi sauka. Na Turawa jiƙaƙƙen sanyi ne. Ina haɗin kifi da kaska?

Kawun Jaririya: Malam, ko a rediyo "wasannin lokacin hunturu" ake cewa idan ana gudu kan ƙanƙara. Ka fi su Hausa ne?

Malamin Hausa: Rashin kalma ne ya sa suka ara. Bahaushe ya raba ɗari da sanyi: ɗari na rani ne, busasshe, sanyi kuwa mai laima. In ma fassara za a yi, Sanyi ya kamata ka ce.

Direban Tifa: A kira ta Ɗari kawai, in an yi mata ƙani a sa masa Dubu.

Ɗan Jos: Ni dariya nake yi in na ji Bakano yana maganar hunturu. Kwana uku ku ji iska ku ɗaure kai da rawani kuna jin wuta a bakin mai shayi. Ku zo tudun da ya kai mita 1,200 ku taɓa ruwan randa da asuba.

Direban Tifa: Naku sanyin dutse ne, ba hunturu ba. Malam ya faɗa.

Malamin Hausa: Ban faɗi haka ba.

Ɗan Damagaram: Duk ku yi shiru. Ta kanmu ƙurar take bi kafin ta iso muku, ragowa kuke samu. Mu nan ma da Faransanci ya ratsa, Noël muke ji ana kiran Kirsimeti, kuma akwai masu sunan.

'Yar Wusasa: Ƙanena Noel ne, ranar 25 ga Disamba aka haife shi, kuma Bahaushe ne gaba da baya. Bambancinsa da Sallau ɗinku me ne? Kowa da sallarsa. Af, masu sa wa 'ya'yansu Natasha don daɗin faɗi, ku sani daga Natalya ta Rashawa ya fito, tushensu ɗaya da Noel, kalmar Latin mai nufin ranar haihuwa.

Amarya: Haba Anti, Natasha ai Larabci ne. Wata ƙawata ta ce ta gani a intanet.

'Yar Wusasa: Ki ce ta turo mana.

Amarya: Wayarta ta lalace.

Mazaunin Ingila: Ni da nake nan bari in faɗa muku. A Manchesta ƙanƙara ba kullum take sauka ba, yayyafi ne ba dare ba rana, kuma a Disamba kafin ƙarfe 4 na yamma rana ta faɗi. La'asar da Magariba kamar a haɗa su. Wannan ba hunturu ba ne, ya fi kama da marka mai sanyi.

Direban Tifa: Mun ji, kana Ingila. Kullum sai ka faɗa.

Mazaunin Ingila: Hassada dai ba ta biyan kuɗin jirgi.

Ɗan Jos: To in a Ostareliya aka haife ta a Disamba fa, lokacin da suke tsakiyar zafi? Bazara za a kira ta?

Malamin Hausa: Bazara ma ba ita ce lokacin zafinsu ba, amma wannan sai an zauna.

Kawun Jaririya: Ikon Allah. Na kawo kukan 'yata an mayar da ni ajin Hausa. Har yanzu ba wanda ya ce min ya dace ko bai dace ba.

Maman Biyu: Na ba ka amsa tun farko, Yaya, ka tsallake ta ne don ba ta yi maka daɗi ba.

Mai Kula da Zaure: To, an kusa kiran Isha'i, zan rufe. Abin da na fahimta: yawancin jama'a sun yarda winter shi ne hunturu, kamar yadda muka taso muna ji a Kano, kuma hunturun gaske a Kano yake. Malam ya kawo ra'ayinsa, mun gode, amma shi kaɗai ne. Mutumin Jos bai kawo hujja ba. Maganar Natasha an jingine sai an gyara waya. Batun yarinya kuwa, kowa ya ga Humaira ta fi, kuma sunan 'yata ke nan.

Ɗan Damagaram: Wa ya ƙirga yawancin?